Nasabar Wonder Woman: Jarumar da Marubuta Suka Kasa Yin Ittifaƙi a Kan Asalinta

A cikin watan Oktoba na 1941, sauran 'yan makonni jiragen Japan su auka wa tashar Pearl Harbor su jawo Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani kamfanin ɗab'i mai suna All-American Publications ya fitar da fitowa ta 8 ta mujallarsa ta labaran zane, All Star Comics, wadda yara ke saye senti 10 domin su karanta bajintar wani taron jarumai maza. A cikinta kuwa, bayan an ƙare labarin mazan, aka liƙa wani ɗan labari mai shafi 9 wanda ko a bango ba a zana mai shi ba. Labarin wata gimbiya ce ta wani tsibiri da babu namiji ko ɗaya a cikinsa, wadda ta tsinci wani hafsan sojan Amurka, Steve Trevor, jirginsa ya faɗo a bakin gaɓarsu, ta yi jiyyarsa, sa'an nan ta rufe fuska ta shiga gasar da uwarta ta hana ta shiga, ta kayar da sauran mata duka, aka ba ta izinin mayar da baƙon ƙasarsu. Ba a yi wata uku ba aka ɗora ta a bangon wata sabuwar mujalla, Sensation Comics, kafin shekarar 1942 ta yi nisa kuma ta sami mujalla tata ta kanta mai ɗauke da sunanta. Tun daga ran nan har yau, in ban da 'yan watanni nan da can, ba a daina buga labarinta ba, abin da in ka cire Superman da Batman da wuya ka sami wani jarumin zane da ya dace da shi.

Sai dai wanda duk ya zauna ya bi waɗannan mujallu bi da bi, kamar yadda ɗalibi ke bin matani da sharhinsa, zai tarar da wani al'amari mai ban mamaki. Superman, ko wane marubuci ya karɓe shi, jariri ne da iyayensa suka sako cikin kumbo daga wata duniya mai shirin halaka; Batman, ko an sāke masa tufa sau ɗari, yaro ne da aka kashe iyayensa a gabansa. A kan waɗannan biyu an yi ijma'i. Amma ita Diana, wadda duniya ta sani da Wonder Woman, in ka tambayi masu karatu uku na zamani uku wane ne ubanta, ɗaya zai ce ba ta da uba sam, ɗaya zai ce akwai shi amma ya halaka tun tana ƙarama, na uku kuwa zai kira maka sunan babban gunkin Girkawa. Kowannensu kuma yana da hujjarsa a rubuce, da hatimin kamfani guda a kanta.

Mawallafinta na farko, William Moulton Marston, ba mutumin da za a zaci ganinsa a wannan sana'a ba ne. An haife shi a 1893, ya karanta shari'a, ya kuma sami digirin digirgir a ilmin halayyar ɗan Adam daga Jami'ar Harvard a 1921, sunansa kuma ya fara fita ne a kan wata dabara ta auna hawa da saukar jinin mutum yayin da ake yi masa tambayoyi, da nufin a gane ko ƙarya yake yi. Kotu ta ƙi karɓar wannan awo nasa a matsayin shaida a shari'ar wani mai suna Frye, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ƙin a 1923, hukuncin da ya daɗe yana zama ma'aunin karɓar shaidar masana a kotunan Amurka. Daga nan ya yi ta shawagi tsakanin koyarwa da tallace-tallace da ba masu shirya majigi shawara, ba tare da ya kafu ko'ina ba, alhali matarsa Elizabeth Holloway, wadda ita ma ta karanta shari'a da ilmin halayya, ita ke fita aiki tana ciyar da gida. A cikin gidan kuma akwai wata mace ta biyu, Olive Byrne, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta zauna da su a ɓoye ga idon jama'a domin dokar ƙasarsu ba ta halatta haka ba, ta haifa masa 'ya'ya biyu kamar yadda Elizabeth ta haifa masa biyu, ta kuma reni duka huɗun. Ita Olive 'yar Ethel Byrne ce, kuma Margaret Sanger, shahararriyar mai fafutukar tsarin iyali, innarta ce. Watau dai ta fito daga tsakiyar gidan masu gwagwarmayar 'yancin mata. Malamar tarihi Jill Lepore ce ta tono mafi yawan wannan sirri daga takardun iyali, ta fitar da shi cikin littafi a 2014.

Olive ce ta rubuta wata hira da shi a mujallar Family Circle cikin Oktoba 1940, da sunan aro, kamar ba ta san shi ba sai a wajen aiki, inda ya kāre mujallun zane daga masu zarginsu da ɓata tarbiyyar yara. Mai kamfanin, Max Gaines, wanda zargin ya dame shi ƙwarai, ya karanta, ya ɗauke shi mai ba da shawara, shi kuwa Marston ya yi amfani da damar ya kawo tasa haja. Riwayar iyalinsa ta ce Elizabeth ce ta ce masa in dai zai ƙago jarumi mai rinjaye da ƙauna, to, ya mai da shi mace. Ya sa hannu da laƙabin Charles Moulton, ya nemo wani dattijon mai zane, Harry G. Peter, wanda ya haura shekara 60 kuma ya taɓa yin zane-zanen goyon bayan mata a lokacin da suke neman a ba su ikon jefa ƙuri'a, edita Sheldon Mayer kuma ya soke sunan Suprema da Marston ya fara raɗa mata.

To, ga asalin kamar yadda Marston ya shimfiɗa shi. Ba sai an faɗa ba, kayan ginin duk daga tatsuniyoyin Girkawan dā ya ɗebo su, na zamanin jahiliyyarsu da gumakansu, shi kansa kuma bai ɗauke su addini ba, alamomi ne ya ara domin ya isar da wata da'awa. Ya ce matan Amazon mayaƙa ne da sarauniyarsu Hippolyte, suna da wata ɗamara ta tsafi wadda muddin tana jikin sarauniya ba a cin su da yaƙi. Hercules ya gwada ƙarfi ya kāsa, sai ya koma ga yaudara da daɗin baki har ya raba ta da ɗamarar, ya sa musu mari ya bautar da su. Gunkiyar ƙauna, Aphrodite, ta kuɓutar da su bisa sharaɗi biyu: su ƙaurace wa duniyar maza zuwa wani tsibiri, kuma su dawwama da mundayen ƙarfe a hannuwansu domin kada su manta da abin da miƙa wuya ya jawo musu. Waɗannan mundaye su ne Diana ke tare harsashi da su, an kuma ce daga wasu manyan mundaye da Olive ke sawa Marston ya ɗauko siffarsu. A fitowa ta 1 ta mujallarta, cikin 1942, aka ƙara babin haihuwarta: sarauniya ta yi begen ɗiya, ta ƙera mutum-mutumin yarinya da yumɓu, gunkiyar ta sa ya motsa ya faɗa hannunta. Babu namiji a cikin lamarin ko ta wace fuska, kuma da gangan aka yi haka.

Abin da masu karatun yau suka fi mantawa shi ne, a wannan riwaya ta farko ƙarfin Diana ba gādo ba ne, ba kuma kyauta ba ce. Horo ne irin na matan tsibirin, wanda Marston ya nace cewa kowace yarinya in ta sami irinsa za ta iya tsinka sarƙa. Shi ya sa ya haɗa ta da Etta Candy, wata gajeriya mai jiki mai son alewa, da rundunar 'yan matan kwalejin Holliday, waɗanda ba su da tsafin komai amma suna dukan 'yan leƙen asirin Jamus. Abokan gābarta ma ba kashe su take yi ba, tsibirin gyaran hali take kai su, har muguwar nan Paula von Gunther ta tuba ta zama aminiyarta. Akwai wani labari a Sensation Comics ta 7 da ya fi nuna halin zamanin: wani kamfani ya mamaye cinikin madara ya tsawwala farashi har 'ya'yan talakawa suka rasa abin sha, Diana ta bi sawu ta tarar makircin 'yan Nazi ne domin yaran Amurka su tashi raunana, ta jagoranci iyaye mata suka yi jerin gwano a kan titi. A 1943 kuma an zana ta a bango tana neman shugabancin ƙasa, ko da yake an kai labarin shekara dubu nan gaba domin kada ya yi wa kowa nauyi.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Da wuya ka buɗe fitowa guda ta zamanin Marston ba ka ga an ɗaure wata da igiya ko sarƙa ba, ya kuma sa wa jarumar wani rauni na musamman, cewa in namiji ya haɗe mundayenta da sarƙa ƙarfinta ya tafi. Igiyarta ta zinariya, wadda daga baya aka mayar ta igiyar tilasta faɗin gaskiya, a asali igiyar tilasta biyayya ce. Josette Frank, ɗaya daga cikin masu ba kamfanin shawara kan tarbiyyar yara, ta rubuta wa Gaines ƙorafi a 1943, wasiƙun masu karatu ma suka zo, shi kuwa Marston ya tsaya kan cewa ɗaurin alama ce ta zaluncin da ake yi wa mata, tsinkewar kuma ita ce darasin. Masu yi masa kyakkyawan zato suna nuni da hotunan mata cikin sarƙa da 'yan gwagwarmayar ƙuri'a suka saba bugawa. Masu tuhumarsa suna nuni da nasa littafin na 1928, inda ya yi dogon bahasi kan rinjaye da miƙa wuya. A ganina duka biyun sun faɗi gaskiya, mutumin ya cakuɗa aƙidarsa da son zuciyarsa har shi kansa ba zai iya rarrabe su ba. Wani abin takaici kuma, a daidai lokacin da take ɗaga motoci a mujallarta, a mujallar taron jarumai, wadda wani marubuci dabam ke rubutawa, magatakarda aka naɗa ta, maza su tafi yaƙi ita ta zauna rubuta bayanin taro.

Shan inna ya kama Marston a 1944, ciwon daji ya biyo baya, ya mutu cikin Mayu 1947. A shekarunsa na ƙarshe wata matashiya, Joye Hummel, ita ta rubuta labarai fiye da 70 da sunansa, ba a kuwa yi mata sakayya a bainar jama'a ba sai 2018, tana da shekara 94. Elizabeth ta nemi a ba ta ragamar mujallar, kamfani ya ƙi, ya miƙa ta ga Robert Kanigher, gwanin labaran yaƙi, wanda ya riƙe ta shekara ashirin da 'yan kai.

A nan ne aka fara warware saƙar. Yaƙi ya ƙare, an sallami matan da suka riƙe masana'antu su koma ɗaki, kasuwar jarumai ta faɗi, ta labaran soyayya ta tashi. A bangon Sensation Comics na 1949 sai ga Steve Trevor ya ɗauko Diana a hannu yana ƙetarar da ita wani ɗan rafi, ita da a dā take saɓa shi a kafaɗa ta fitar da shi daga wuta. Shafin da ake ba da tarihin fitattun mata irin su Florence Nightingale ya ɓace, shafin al'adun aure ya maye gurbinsa. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa na sukar mujallun zane, ya ware ta da cewa abar tsoro ce ga yara maza kuma mugun abin koyi ga mata, majalisar dattawa ta yi zama a kan mujallun, kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Peter ya mutu a 1958, Ross Andru da Mike Esposito suka karɓi zane, a fitowa ta 105 kuma, cikin 1959, Kanigher ya kawo sabon asali: an haifi Diana kamar kowa, gumaka huɗu suka zo kan shimfiɗarta suka yi mata baiwa, wannan kyau, wannan hikima, wannan sauri, ƙarfin kuwa Hercules ne ya ba ta, mutumin da a riwayar farko shi ne azzalumin da ya bautar da uwarta. Matan Amazon ma ba gudun zalunci suka yi ba, mazansu ne suka ƙare a yaƙe-yaƙe, suka shiga jirgi suna kuka. Mai karatu ya duba yadda aka juya ma'anar gaba ɗaya ba tare da an taɓa suna ko tufa ba: masu tawaye sun koma masu takaba.

Daga wannan zamani ne wani rikici ya samo tushe wanda ya cancanci a ɗan ratse dominsa. Kanigher ya riƙa ba da labaran Diana tana budurwa da sunan Wonder Girl, da tana yarinya ƙarama da sunan Wonder Tot, har ya kai ga haɗa su ukun a labari ɗaya ta hanyar siddabaru. A 1965 masu shirya ƙungiyar matasan jarumai ta Teen Titans suka ɗauko Wonder Girl suka sa ta a ciki kamar wata yarinya ce dabam, alhali Diana ce da kanta. Da aka farga, sai a 1969 Marv Wolfman ya ƙago mata suna Donna Troy, ya ce marainiya ce da Diana ta tsamo daga gobara. Tun daga nan duk lokacin da aka taɓa asalin Diana sai na Donna ya rushe, a sāke gina wani, har ta zama abar misali a wajen masu karatu in ana zancen tarihin da ya dagule.

A 1968, ciniki ya yi ƙasa ƙwarai, Denny O'Neil da Mike Sekowsky suka yi abin da ba a zata ba. Suka ce matan tsibirin za su ƙaura wata duniya domin sabunta tsafinsu, Diana ta zaɓi zama saboda Steve, ta ajiye ƙarfinta da kambinta da igiyarta, ta buɗe kantin tufafi, wani makahon dattijo mai suna I Ching ya koya mata faɗan hannu irin na Gabas, shi kuma Steve da aka yi sadaukarwar dominsa aka kashe shi nan da nan. Su marubutan sun ɗauka ci gaba suka kawo, tun da ga mace tana dogara da kanta ba da tsafi ba. Matan da suka tashi da karatun Marston kuwa suka ga an kwance wa jaruma guda ɗaya da suke da ita ɗamara. 'Yar gwagwarmayar 'yancin mata Gloria Steinem ta ɗora ta da tsohuwar shigarta a bangon mujallar Ms. ta Yuli 1972, ta yi ta matsa wa kamfanin, a farkon 1973 kuma, a fitowa ta 204, aka dawo da Kanigher, ya sa wani maharbi ya kashe I Ching, ya mayar mata da ƙarfinta. A wannan fitowa ce Nubia ta bayyana, baƙar mace da ta yi kunnen doki da Diana a fagen gasa, wadda aka bayyana cewa sarauniya mutum-mutumi biyu ta ƙera, ɗaya da farin yumɓu ɗaya da baƙi, gunkin yaƙi ya sace baƙar tun tana jaririya. Mutumin da ya soke riwayar yumɓu shi ne ya dawo da ita da ya buƙace ta. Nubia ta yi shekaru ana mantawa da ita, sai a 2021 aka naɗa ta sarauniyar tsibirin, ita ma da wani sabon asali.

Shekarun da suka biyo ba su da abin tsayawa da yawa. Wasan talabijin na Lynda Carter, daga 1975 zuwa 1979, ya sa duniya ta san fuskarta fiye da duk abin da aka buga a takarda, har mujallar ta koma ba da labaran zamanin yaƙi na ɗan lokaci domin ta dace da shi. An tayar da Steve, an sāke kashe shi, an sāke kawo wani daga wata duniya. A 1982 aka cire mikiyar da ke ƙirjinta aka sa harafin W biyu, tambarin da kamfani zai iya yi wa rajista ya buga a riguna. Da kamfanin, wanda a lokacin ya zama DC Comics, ya ga riwayoyin jarumansa duka sun yi karo da juna, sai ya shirya wani babban labari na 1985 zuwa 1986 da ya rushe duniyoyin ya bar guda, a ƙarshensa aka harbi Diana da wani haske ta koma yumɓun da ta fito. Mujallar ta tsaya a fitowa ta 329. A tsakanin nan aka fitar da wasu fitowa huɗu na Kurt Busiek da Trina Robbins, Busiek kuma ya bayyana daga baya cewa akwai sharaɗi a yarjejeniyar wancan lokaci cewa in kamfani ya daina buga ta, mallakarta za ta koma ga magadan Marston. Wannan ya isa ya fahimtar da mu dalilin da ya sa ba a taɓa barin ta ta huta ba ko a shekarun da ba ta ciniki, da dalilin da ya sa kowane sabon marubuci ake ce masa ya yi duk abin da zai yi, in dai za ta sayu.

Tajdidin da George Pérez ya yi a 1987, tare da Greg Potter da Len Wein da edita Karen Berger, shi ne a wajena mafi kyawun abin da aka yi mata bayan mawallafinta. Ya buɗe labarin da wani mutumin kogo, shekara dubu talatin kafin Miladiyya, wanda ya huce haushinsa a kan matarsa mai ciki ya kashe ta. Ya ce rayukan matan da maza suka kashe bisa zalunci an tara su a wani kogo, gunkiyoyi biyar suka sāke fito da su a matsayin matan Amazon, wannan mace ta farko ita ce sarauniya Hippolyta, begen ɗiyar da ke damunta kuwa begen cikin nan ne da aka kashe ta da shi. Da ta ƙera yumɓu a bakin teku, ran wannan jaririya ne ya shiga. Ya riƙe ƙashin bayan Marston, watau ɗiya ta uwa zalla da al'ummar da ta tsira daga zalunci, ya kuma ba shi nauyin da ba shi da shi a dā. Ya kira tsibirin Themyscira, ya tsufar da Steve ya haɗa shi da Etta Candy domin a huta da zancen soyayya, ya kai Diana Boston jakadiya wadda ko Turanci ba ta ji sai da wata malamar jami'a, Julia Kapatelis, ta koya mata. Har tambayar da ta daɗe tana damun masu hankali, wato me ya haɗa 'yar Girkawan dā da tufa mai taurarin tutar Amurka, ya ba ta amsa: uwar Steve matuƙiyar jirgi ce da ta faɗo tsibirin ta mutu tana kāre shi, aka ɗauki alamomin rigarta don girmamawa, aka kuma raɗa wa gimbiya sunanta.

Wannan riwaya ta yi shekara 24 tana aiki, duk da cewa a cikinsu an sa ta sayar da abinci a kanti, an ƙwace muƙaminta an ba wata 'yar Amazon mai suna Artemis, John Byrne ya kashe ta ya mai da ita gunkiyar gaskiya ya aika uwarta zamanin yaƙi ta riƙe sunan, Greg Rucka ya sa ta karya wuyan wani mugu mai suna Maxwell Lord a 2005, a 2010 kuma aka sa mata wando da kwat.

Sa'an nan 2011 ta zo, kamfani ya sāke share allo, Brian Azzarello da Cliff Chiang suka karɓe ta. A fitowa ta 3 sarauniya ta yi iƙirari cewa zancen yumɓu ƙarya ce ta shirya domin ta ɓoye ɗiyarta daga kishin gunkiya Hera, gaskiyar ita ce mijin Hera, Zeus babban gunkin Girkawa, shi ne ubanta. A fitowa ta 7 aka ƙara da cewa matan Amazon sukan tare jiragen ruwa sau uku a ƙarni, su sami ciki da matuƙan su kashe su, 'ya'ya mazan da suka haifa kuma su musanya su da makamai a wajen maƙerin gumaka. Ba za a ƙi cewa labarin ya ƙayatar ba, zanen Chiang kuma abin kallo ne, masu sharhi da yawa sun yaba. Amma a auna abin da aka bayar da abin da aka karɓa. Tatsuniyoyin Girkawa cike suke da 'ya'yan da Zeus ya haifa a waje, Hercules kansa ɗaya ne daga cikinsu. An ɗauki wadda ba ta da na biyu an sa ta a layin 'yan'uwa barkatai, an mayar da ƙarfinta gādon uba, an mayar da al'ummar da ta rene ta 'yan fashin teku. Daga baya har tagwai namiji aka samo mata, mai suna Jason. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, a jimla ɗaya kana iya gaya wa baƙo ko wace ce ita, 'yar Zeus ce, shi ke nan. Hujja ce ta 'yan kasuwa, kuma ta yi aiki, domin fim ɗin Patty Jenkins na 2017, wanda Gal Gadot ta fito a ciki ya kuma tara fiye da dala miliyan 800, ita ya bi: an gaya wa Diana tun tana yarinya cewa daga yumɓu take, a ƙarshe maƙiyinta ya fallasa mata cewa 'yar Zeus ce.

Da Rucka ya dawo a 2016, tare da masu zane Liam Sharp da Nicola Scott, sai ya mai da saɓanin kansa ya zama labarin. Ya nuna Diana tana tuna haihuwa biyu da ƙuruciya biyu, ta rasa wadda za ta gaskata, har ta naɗa wa hannunta igiyar gaskiya ta tambayi kanta, igiyar ta shaida mata cewa an yaudare ta. Aka ƙare da cewa tsibirin 'yan fashin nan ruɗu ne, ba ta taɓa komawa gida ba tun ran da ta fito. Ya tsarkake matan Amazon, amma mas'alar uba ya bar ta a buɗe. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar girmamawa kan ƙarfafa mata, ran 21 ga Oktoba, ma'aikatan majalisar da wasu dubbai suka sa hannu a takardar ƙin amincewa saboda shigarta da siffar jikinta, kafin ƙarshen Disamba aka sauke ta. A 2024 kuma Kelly Thompson da Hayden Sherman suka fara wata silsila dabam, Absolute Wonder Woman, inda aka raba jaririyar da tsibirin baki ɗaya, matsafiya Circe ta rene ta a gidan matattu na tatsuniyar Girkawa, ana kuma buga wannan kafaɗa da kafaɗa da babbar mujallar, kowace da nata asalin.

Tatsuniyar Gizo ma kowace kaka da yadda take ba da ita, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Bambancin shi ne Gizo ba shi da mai shi, ita kuwa Diana dukiyar kamfani ce, riwayar da ya sa wa hannu a bana ita ce sahihiya har ran da zai shafe ta da wata. Amma wannan iko yana da wa'adi. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka tana kāre irin waɗannan ayyuka shekara 95 ne daga ƙarshen shekarar bugawa, saboda haka shafuka taran nan na 1941 za su zama na kowa da kowa ran 1 ga Janairu 2037, babin yumɓu na 1942 ya biyo baya a 2038, ko da yake suna da tambari za su ci gaba da zama na kamfani ta fuskar alamar kasuwanci. Riwayar Pérez sai 2083, ta Zeus kuwa tana hannun DC har 2107.